Shekarar da Kaka ya kai ƙarar amininsa

Bari in fara da wautata, tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ni ne na gaya wa Baba Tawaye a waya cewa kakana ya daina cin abinci saboda kewarsa. Ƙarya ce. A daidai lokacin da nake wannan maganar, Kaka yana hanyar komawa zaure inda fura take jiransa a cikin ƙwaryar da za a iya yi wa jariri wanka. Ni dai haka bakina yake, in na ga magana ta fito a rame sai tausayinta ya kama ni in ƙara mata nama. Ban san wannan ƙarin zai ɗauko tsoho daga birni ya dire shi a ƙauyenmu a saman motar taki ba.

Na san za a ce me yaro kamata ya sani game da tuna baya, wanda gemunsa ma bai gama shawarar fitowa ba. To ni ma ina da nawa zamanin, kuma ya wuce. A zamanin nan nawa, in la'asar ta yi sanyi, daga ko'ina kake a unguwarmu kana jin abubuwa iri ɗaya: lugude daga cikin gidaje, ƙarar guga tana dukan ruwa a rijiyar masallaci, yaran mota can bakin titi suna kiran fasinjan Kano, sannan a saman duk wannan, muryar tsofaffi biyu suna gardama a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Ɗayan kakana ne, ɗayan amininsa. Mu yara aikinmu a lokacin shi ne share gindin tsamiyar, shimfiɗa buzu biyu, kawo buta, da sauya batirin rediyo. In ka gama sai ka laɓe ka sha kallo kyauta.

Kaka mutumin da ne, mai ra'ayin riƙau na gaske. A wurinsa duniya tsani ce: mai gida, mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa gwamnati, kuma wanda ya zare mataki ɗaya ya jefa kowa ƙasa. In ya yi zaɓe wanda yake so ya faɗi, sai ya ce Allah ya zaɓa, ya bi wanda ya ci. In rediyo ta saki taken ƙasa, ko yana tsakiyar cin tuwo ne sai ya miƙe, hannu duk miya. Yana da wata 'yar tuta a jikin bangon zaure wadda koren ya koma kalar miyar kuka, farin kuma ya koma kalar ƙasar gona, amma ba wanda ya isa ya taɓa ta. A gabansa za ka iya kukan tsadar taki ko lalacewar hanya, amma ba za ka ambaci sunan ƙasar nan ka yi tsaki ba. Sai da na girma kaɗan na gane dalili. Wansa ya tafi yaƙi tun suna samari bai dawo ba, ba a ma san inda kabarinsa yake ba. Kaka yakan ce tunda bai san wane gefe aka binne shi ba, to duk ƙasar kabarin ɗan'uwansa ce.

Amininsa kuwa, in Kaka ya ce gabas shi yamma yake nufa tun kafin ya ji ƙarshen maganar. Yana saurayi ya taɓa hawa tebur a kasuwa ya zazzaga wa masu karɓar haraji, aka kai shi ya kwana a ɗaure, kuma wannan labarin na ji shi har na fi shi iya bayarwa. Shi a ganinsa son ƙasa shi ne ka yi ta yi wa masu hawanta ihu har su sauko su ji. Yana kiran Kaka da Dogari, Kaka yana kiransa Ɗan Tawaye, mu kuma muka gyara muka ce Baba Tawaye. Abu uku kawai na san sun yarda da shi tare: salla, goro, da shuka. Gonakinsu iyaka ɗaya. Tun kafin a haifi babana, duk shekara in ruwan shuka ya sauka, Kaka ne ke riƙe sungumi, wato fartanyar nan mai doguwar ƙota, yana gaba yana sara, Baba Tawaye yana biye da ƙoƙon iri yana jefawa yana binnewa da ƙafa. Su gama gonar ɗaya su shiga ta ɗayan. Suna kuma da wata gasa: wa zai riga ganin shamuwa ta sauka a kan tsamiya, tunda zuwanta ne ke cewa damina ta kusa. Wanda ya riga yakan yi wata guda yana yi wa ɗayan gorin makanta.

Sai korona ta zo, aka sa dokar kulle.

Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Motocin Kano suka ɗauke. Ranar kasuwar Ɗambatta ta zo ta wuce ba ka ga ko akuya ɗaya a kan hanya da igiya a wuya ba. Makaranta ta rufe, wanda ni a lokacin na ɗauka shi ne mafi alherin abin da gwamnati ta taɓa yi mini. Da ƙarar injuna ta tafi sai wasu sautuka suka fito waɗanda ashe suna nan tun da: kukan kurciya da rana tsaka, jakin ƙauyen da ke gaba da mu, har motsin ganyen darbejiya. Mutane da yawa a garinmu suna cewa cutar ta masu hawa jirgi ce, ba ta san hanyar ƙauye ba. Kaka bai shiga wannan muhawara ba. Hukuma ta ce a sa takunkumi, Iya kakata ta ɗinka masa na tsohuwar atamfa, ya sa. Na rantse har shi kaɗai a ɗaki yana sawa, wataƙila don kada ya shafa wa kansa. Ya ajiye buta da sabulu a ƙofar zaure, ya daina musafaha, ya daina fita sai gona. Ana yi masa dariya a ɓoye, har lokacin da labarin rasuwar dattawa ya fara zuwa daga birni, yau wannan gobe wancan. Daga nan dariyar ta ragu.

Baba Tawaye kuwa kullen ya rutsa da shi a birni. Ya je gidan 'yarsa a Rijiyar Zaki aka cire masa yanar ido, kafin ya gama jinya aka rufe hanya. Buzunsa ya zauna a naɗe. Kaka yakan kunna rediyo a gindin tsamiya, a faɗi wani abu na gwamnati, ya juya gefen hagunsa yana jiran a musa, sai ya ga ba kowa. Cikin azumi shamuwa ta sauka. Kaka ne ya fara ganinta. Ya tsaya ya daɗe yana kallon sama, ya buɗe baki, ya rufe, ya koma ciki. Cin gasar da ba abokin karawa ashe ba daɗi gare shi ba.

Bayan Salla na lallaɓi yayana, wanda shi ma rufe makaranta ta dawo da shi gida, ya ara mini babbar wayarsa. A lokacin ba a samun sabis a garinmu sai a saman wani tsohon suri da ke kusa da tsamiya, shi ma sai ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Na ce wa Kaka zan nuna masa amininsa a cikin waya yana motsi yana magana. Ya ce mutum ba ya shiga madubi, in tafi in ba shi wuri. Na hau surin na kira lambar 'yar Baba Tawaye. Sai ga fuskarsa ta cika wayar, da wani baƙin tabarau na asibiti, hancinsa ya yi girman dankali saboda kusanto da ita da ya yi.

"Kai ja'iri, kai ne a cikin abin nan? Ikon Allah! Juya ni in ga gari."

Na juya wayar na nuna masa tsamiya. Shamuwa sun cika ta, baƙaƙe da farin ciki, wasu na gyaran sheƙa, wasu na shawagi. Ya cire tabarau. Rabon da ya ga tsuntsu sarai haka, ba dishi-dishi ba, an daɗe. Ya ƙura musu ido har na zaci sabis ne ya ɗauke.

"Ta iso ke nan," in ji shi a hankali. Sai kuma ya ɗaga murya. "To ita wa ya ba ta takardar izini? Ƙasa nawa ta tsallako, wane shinge ya tsayar da ita?"

Ashe Kaka yana gindin surin, wai yana neman wata igiya da ba ta taɓa ɓata ba. Bai ɗago kai ba ya ce, "Gaya masa ita ba ta karya doka ba. Gida ta dawo a kan lokacinta, kamar kowane ɗan ƙasa nagari. Kuma gaya masa ni na riga ganinta."

Ya juya ya nufi zaure. Baba Tawaye ya yi dariya har da tari, sannan ya rage murya ya ce, "Tsakaninka da Allah, yaya Dogari yake?" Nan ne bakina ya yi aikinsa. Na ce ai Baba, tun da ka tafi ko loma ba ya iya haɗiyewa, ya rame har wuyansa ya koma kamar na shamuwar nan.

Ba a yi kwanaki da yawa ba, wata rana da hantsi, motar da ke kawo takin bola daga birni ta tsaya a bakin gari, domin masu kayan gona ana barinsu su wuce. Daga saman tulin takin wani abu ya motsa, ya zamo ƙasa, fari fat da toka, sanye da baƙin tabarau. Yara suka watse. Manyan da ke cewa cutar ba ta san hanyar ƙauye ba su ne suka fi kowa gudu. Na ga wani ya tsallake shingen da akuya ba ta iya tsallakewa. Baba Tawaye ya kakkaɓe riga ya taho har gindin tsamiya. Kaka ya fito. Baba Tawaye ya miƙa hannu da murna, Kaka ya mayar da nasa hannayen baya ya ja da baya.

Baba Tawaye ya dubi Kaka sama da ƙasa, ya tsaya a kan tumbinsa, sannan ya juyo gare ni. "Wannan ne wanda ba ya cin abinci?"

Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

An riga an yi shela cewa duk wanda ya shigo daga birni a sanar da mai unguwa, shi kuma ya kira ma'aikatan lafiya. Kowa kuma ya san abin da ake faɗa game da wurin da ake killace mutane a birni: wai wanda aka kai ba ya dawowa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, haka muka yi imani a lokacin. Da Kaka ya yi shiru, ba wanda zai yi magana, don ba mai iya kai ƙarar dattijo irin wannan. Sai na ga ya shiga zaure ya ɗauko sandarsa.

"Kada ka matsa daga nan," ya ce wa Baba Tawaye.

"Ina za ka?"

"Gidan mai unguwa."

Baba Tawaye ya cire tabarau. "Dogari, ni za ka kai ƙara? Ni da na kwanta a kan bola saboda kai?"

"Ko ɗan cikina ne."

"Shekara nawa ina kiranka Dogari da wasa. Ashe sunanka ne."

Kaka ya juya. Ya ce in biyo shi. A hanya ina kuka ina cewa laifina ne, a bar shi, in aka tafi da shi ba zai dawo ba. Kaka yana tafiya yana dogara sanda bai kalle ni ba. Sai da muka kusa ya ce, "Kakarka tana da tari tun sanyin bara. Liman ya fi ni tsufa. In yana ɗauke da ita bai sani ba fa? Kullum ina cewa a bi doka a kan 'ya'yan wasu. Yau ta zo kan nawa, sai in ce ban gan ta ba?"

Bayan azahar ma'aikacin lafiya ya iso a kan babur, ya rufe fuska, ya zaro wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga ya saita goshin Baba Tawaye. Tsohon ya ɗaga hannaye sama ya ce, "Alhamdu lillahi, yau dai gwamnati ta cika burinta. Harba, ɗana." Na'urar ta yi ƙara ta nuna ba zazzaɓi. Ma'aikacin ya ce duk da haka dole a keɓe shi na wasu kwanaki, ko dai a mayar da shi birni, ko a samu wuri nesa da mutane da wanda zai tsaya masa. Mai unguwa ya fara kame-kame, don shi ya fi son a tafi da shi a huta. Kaka ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kawo ƙararsa, ni zan tsaya masa. Akwai bukka a gonarsa. Abincinsa daga gidana. In ya taka waje, ni za a kama."

Haka aka yi. Ni aka ɗora wa kai abinci, hukuncin bakina ke nan: in ajiye kwano a kan wani kututture, in ja baya, in yi sallama. Baba Tawaye yakan amsa mini, har ya tambaye ni ko na ƙara ramar da wani a gari. Amma Kaka, ko kallonsa ba ya yi. Kullum da la'asar Kaka yakan ɗauki buzu da rediyo ya je ya zauna a kan iyakar gonakinsu, nesa da bukkar, ya ƙure muryar rediyon. Baba Tawaye ya juya masa baya. Wata rana aka kawo wani mutum a rediyo yana ta yabon masu mulki, yabon da ko Kaka sai da ya ji kunya. Na ga kunnuwan Baba Tawaye suna motsi, wuyansa yana kumbura, amma ya haɗiye. A nan na gane abin ya yi tsanani. Gardamarsu ba ta taɓa ba ni tsoro ba, shirun nan ne ya ba ni. Kuma a kwanakin ne Kaka ya fara dawo da tuwonsa ba a taɓa ba. Ƙaryata ta zama gaskiya, ban ji daɗin hakan ko kaɗan ba.

Sai hadari ya haɗu a gabas wata yamma, iska ta taso da ƙamshin nan na ƙasa da ba shi da suna, shamuwa suka yi tsit a kan tsamiya, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe Kaka ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannunsa, ya ga laima ta haɗu. Ya ɗauki sungumi, ya ce in ɗauko ƙoƙon irin gero. Bai tsaya a gonarsa ba, ya wuce ta Baba Tawaye. Ya sa na ajiye ƙoƙon a kan kututturen. Sannan ya kwantar da sungumin a ƙasa tsakaninsa da ƙofar bukka, ya ce wa iska, "Ma'aikacin nan ya ce tazarar kamar tsawon wannan ce. Mai binne iri kuwa dama bai taɓa matsowa kusa da haka ba, sai in yana son a sare masa ƙafa." Ya ɗauki abinsa ya fara sara.

Ya yi layi guda har ƙarshe shi kaɗai, ramuka a buɗe a bayansa. Ya juyo ya kama na biyu. Ni ina tsaye ina kallon ƙofar bukka, don ramin shuka in ya daɗe a buɗe rana na shanye laimarsa, kuma ba manomin da zai iya zama yana kallon haka. Can sai na ji motsi. Baba Tawaye ya fito, ya ɗauki ƙoƙon, ya bi layin farko yana jefawa yana binnewa, fuska a murtuke, har ya cim ma Kaka ya tsaya a bayansa daidai tsawon ƙotar. Suka yi ta tafiya ba magana, sai sautin sungumi da na ƙafa. A tsakiyar gona Baba Tawaye ya yi gyaran murya.

"Ramukan nan sun yi zurfi. Aikinku ke nan ku da gwamnatinku, abin da aka zuba ba ya fitowa."

Kaka bai waiwayo ba, amma na ga takunkuminsa ya motsa. "Iri kake zubawa da yawa. Ɗan adawa bai san tattali ba, tunda bai taɓa riƙe komai ba."

Kafin azahar sun zagi juna a kan haraji, da zaɓe, da wanda ya lalata ƙasar nan, ana jin su har bakin rijiya. Iya ta ji daga cikin gida ta ce a ƙara tuwon dare.

Yanzu an kafa ƙarfen sabis a bayan makarantarmu, an baje surin nan an yi shago a wurin. Kana kwance a ɗaki za ka ga mutumin da ke wata ƙasa yana motsi, ba wanda yake cewa ikon Allah. Mu ma muna siyasa, ni da abokaina, amma a cikin waya muke yinta, da mutanen da ba mu taɓa gani ba, kuma in mutum ya saɓa maka sai ka toshe shi ka huta. Ban san mutum biyu a cikin sa'o'ina da za su yi rabin rayuwa suna musu kuma su raba goro ɗaya ba. Har yau ban yanke wa kaina wanda ya fi son ƙasar nan a cikinsu ba, wanda ya bi dokarta har a kan amininsa, ko wanda ya hau bola don ya dawo ya shuka ta.

Baba Tawaye bai kamu da cutar ba. Ya cika kwanakin keɓewarsa ya koma gidansa. Bai taɓa cewa Kaka ya yi daidai ba, Kaka kuma bai taɓa ba shi haƙuri ba. Sun ƙara damina kaɗan tare, sannan Baba Tawaye ya rasu a ɗakinsa bayan an gama girbi, ciwon tsufa. Yanzu ni nake bin Kaka da ƙoƙon iri. Bana da shamuwa ta sauka shi ya fara ganinta, ya kira ni ya nuna mini. Na ce ai ni tun jiya na gan ta. Ban gan ta ba. Ya yi ta musu da ni har aka kira magariba.